Kaskon da Awudu Ya Gasa

Ku da kuka zo koyon zubin tukunya bana, tun ranar farko nake lura da ku. Idonku na kan wuta, hannunku na kan waya. Kowa so yake a ɗauke shi hoto yana tsiyaya narkakken alminiyum yana sheƙi. A ganinku sana'ar ke nan: a narka, a zuba, a fasa ƙasa, tukunya ta fito. Da na ce sai kun yi Asabar uku a ajin kiyaye haɗari kafin wani ya taɓa awartaki, har da mai tsaki a cikinku. Na ji shi, kunnena bai mutu ba tukuna. To ku gyara zama. Ni Issaka na haura shekara talatin ina wannan aiki a nan unguwar Nima, kuma sai da mutum guda ya rasa idonsa da sunansa a rumfar nan kafin muka yarda a koya mana abin da muke ganin mun fi kowa sani. Sunansa Awudu. Idon bai dawo ba. Labarin sunan zan ba ku.

Aikin farko da Baba Seidu mai rumfar nan, Allah ya jiƙansa, ya ba ni shi ne tankaɗe ƙasa. Na zo daga Dogon Dutsi da wasiƙar kawuna a aljihu, ina saurayi mai ji da ƙarfi, na ɗauka washegari za a miƙa mini wuta. Ya karanta wasiƙar, ya ninke, ya miƙa mini rariya. Shekara biyu ina tankaɗe, ina dakon gawayi, ina murza ƙafar keken da ke juya zugazugi har kafaɗata ta daina jin ciwo. A nan na koyi cewa ƙasar zubi tana son ruwa, amma kaɗan, kamar garin da mata ke yayyafa wa ruwa za su yi dambu. Ka damƙa a tafin hannu. In ta dunƙule, ka karya ta rabu biyu ba ta ruguje ba, tafinka kuma bai jiƙe ba, ta yi. In ruwan ya zarce, ƙarfe na shiga za ta watso maka shi a fuska. Mu a nan ƙarfe muke ce masa, ko da yake alminiyum ne.

Ranar Litinin kasuwar Agbogbloshie nake zuwa tsintar kayan narkarwa, da maganaɗisun tsohuwar sifika a aljihu: abin da ya kama maganaɗisu ba namu ba ne. Fistin mota, murfin inji, firam ɗin taga, tsofaffin tukwanen da suka huje, waɗannan su ne nama. Gwangwanin lemo kuwa yaudara ce, ka narka buhu guda rabinsa datti. Duk bututun da bakinsa ya toshe sai an sare shi biyu kafin ya kusanci wuta, don ruwa na ɓuya a ciki. Ina faɗa muku wannan ne don kada ku ɗauka jahilai ne mu a lokacin. Mun san ruwa da narkakken ƙarfe ba sa ga maciji. Mun sani tun kafin a haifi masu koyar da mu.

Tukunyar farko da aka bar ni na zuba lamba biyu ce, 'yar ƙarama ta ɗumama miya. Na dake ƙasa a akwatin katako da taɓarya, na barbaɗa toka don kada ta manne, na zare tukunyar kwaikwayo a hankali, na haɗa akwatin sama da na ƙasa, na bar ɗan rami da muke kira baki. Ta wannan bakin ƙarfe ke shiga, kuma faɗinsa bai wuce da'irar babban yatsa da manuni ba. Hannuna ya yi rawa, na katse zubin rabin daƙiƙa, na ci gaba. Da muka fasa sai ga tukunya da layi a ƙugunta inda ƙarfen farko ya huce kafin na biyu ya riske shi. Baba ya ɗaga ta sama, ya leƙa rana ta cikin layin, ya ce, "Madalla, ka ƙera mana rariya ta biyu." Ya jefa ta cikin kayan narkarwa.

Masu sayenmu ma makaranta ce. 'Yan kasuwar Makola mai sheƙi suke so, marar nauyi, wadda za ta ɗauki ido a kan tebur. Matan ƙabilar Ga masu kenke, tuwon masararsu da ake dafawa a ganye, gindi mai kauri suke nema, don tukunyarsu wuni take a kan wuta. Sai Hajiya Memuna ta Maamobi mai wake da shinkafa, wadda ba ta taɓa sayen tukunya ba sai ta ƙwanƙwasa ta da zoben hannunta ta kara kunne. In sautin bai yi mata ba ta ce, "Wannan yana da mura, ku ba shi magani." In ya yi mata, ta sa a cika ta da ruwa a ɗora kan busasshen siminti, ta zauna ta sha kokonta tana jira ta ga ko siminti zai yi duhu. Ba ta taɓa yabon tukunya ba, sai dai ta dawo.

Awudu ya zo bayana da shekara guda, daga wajen Bawku, ya kuma wuce ni ina kallo. Ba ya da yawan magana, Hausarsa ta Zango ce, rabi da Turanci rabi da yaren Tuwi, amma hannunsa ba ya rawa. Manyan tukwanen biki, lamba hamsin da sittin, waɗanda yaro zai iya ɓuya a ciki, shi kaɗai Baba ke yarda ya zuba. Zai ɗaga tukunyar narkarwa da dogon awartaki, ya tsaya a kan baki, ƙarfe ya sauka siriri ba yankewa har rami ya cika. In ya gama, ragowar ƙarfen sai ya juye a wani kaskon baƙin ƙarfe mai tsatsa da muke ajiyewa gefe, ta daskare a narka gobe. Wannan kaskon dole a gasa shi a kan wuta kafin a juye, don ɗigon ruwa ɗaya in ya laɓe a cikin tsatsa ya isa. Gasa kasko aikin mai zubi ne, ba ya wakilta kowa.

Yanzu sai in gaya muku yadda rumfar take a da. Inda wancan tulin busasshen yashi yake yanzu, nan dutsen alwala yake, da ganga da butoci, taku uku daga filin zubi. Baba da hannunsa ya kafa shi a nan ranar da ya buɗe rumfar. Ya ce wuta ba uzuri ba ce, kada wani ya ce ruwa ya yi masa nisa. Tun da narkakken ƙarfe ba ya jira, sai muka saba da juyi: in lokacin salla ya riske mu ƙarfe na kan wuta, mai zubi ya tsaya, sauran su yi alwala su yi sahu a tabarmar gaba, in sun idar shi ma ya je. Dukanmu silifa muke sawa, don sauƙin wanke ƙafa. Baƙi in sun zo har yabawa suke yi, su ce rumfar Baba Seidu rabin masallaci ce. Mu ma muna alfahari da haka.

Shekarar da abin ya faru damina ta yi mana yawa. Unguwar Alajo ta cika da ruwa, gawayi ya jiƙe ya yi wuya, kayan narkarwa suna zuwa da laka a ciki. Sati uku muna kunna wuta tana mutuwa, aiki ya taru, mata na zuwa suna tsayuwa a bakin rumfa hannu a ƙugu. Da rana ta buɗe sai muka shiga gaggawa. Wata Talata da la'asar muna kan babbar tukunyar Hajiya Memuna. Na ga Awudu da idona ya ɗora kasko a kan wuta, ya juya shi, ya sauke shi da awartaki ya ajiye a wurinsa, ya koma yana kwashe datti daga saman ƙarfe, ya ba ni baya.

An tayar da iƙama ni ban yi alwala ba. Na taho da sauri, kasko ya tare mini hanya, na tura shi da gefen silifa, ya matsa wajen dutse. Na tsuguna na yi alwala a gurguje. Da na zo wanke ƙafa ruwa ya fantsama, na ji kasko ya yi cuu. Na duba, ɗan ruwa ya taru a gefensa. Na karkata shi da ƙafa ya zube, na mayar da shi wurinsa, na ce a raina da sauran zafinsa, zai shanye. Na yi niyyar in gaya wa Awudu, sai na ji Baba ya yi kabbara. Na ruga na shiga sahu.

Muna raka'a ta biyu muka ji ƙara kamar tayar mota ta fashe, sai ihun Awudu. Ya gama zuba tukunyar lafiya, ragowar ce da ya juye ta tashi. Ƙarfen ya same shi a kunci da idon dama, wani ya sauka a kan ƙafarsa tsakanin igiyar silifa. Muka sa shi a tasi zuwa asibiti. Ƙafa ta warke, kunci ya bar tabo, ido ya tafi.

Ranar da aka sallame shi ya zo rumfa da bandeji. Baba na zaune a kujerarsa, mu muna tsaye. Baba ya ce, "Awudu, ka gasa kaskon?"

Shi Awudu Masa yake ce wa Baba, wato maigida. Ya ce, "Masa, na gasa shi. Wallahi na gasa shi sosai."

Baba ya ce, "Kaskon da ya sha wuta ba ya tartsatsi. Shekara arba'in ina wannan aiki."

"Masa, ni ban san yaya ya yi ba, amma na gasa."

Baba ya girgiza kai. "Mantuwa ta ɗan Adam ce, da ka ce ka manta da na ce ka dawo. Amma wanda ya yi rantsuwa a kan ƙarya ba na ba shi wuta. Allah ya ba ka wani abincin."

Ina tsaye a nan, taku biyu daga Awudu. A wurinmu ba a magana a gaban Baba sai ya tambaye ka, kuma bai tambaye ni ba. Da wannan na fake. Wa zai tuhumi wanda ke cikin sahu? Na ji tsoro, na ji kunya, na kuma yi shiru. Da sati ya zagayo Baba ya miƙa mini dogon awartakin Awudu, ya ce manyan tukwane sun dawo hannuna. In faɗa muku gaskiya, har daɗi na ji.

Maganar Baba Seidu a layin masu zubi hukunci ce. Awudu ya zaga rumfunan Nima da Maamobi, ba wanda ya ɗauke shi, kuma ba don idon ba. Ya koma Agbogbloshie wajen 'yan albasa yana ɗinke buhuna. Abin da ya fi muni, sai maganarsa ta zama abin zolaya. In wani ya shara ƙarya a layinmu sai a ce, "Wane ya gasa kasko," a bushe da dariya. Har masu shayi suka ɗauka. Shekara ɗaya da rabi ina jin wannan, wani lokaci ina murmushi don kada a ga ban yi ba.

Horon kiyaye haɗari ba mu muka neme shi ba, kada in yi mana ƙarya. Wata 'yar kasuwa da ke kai tukwane ɗakunan girkin makarantu ce ta ce ba za ta ƙara saye ba sai a wurin masu takardar shaidar horo. Ƙungiyarmu ta masu zubi ta binciko akwai wani shiri na koyar da ƙananan masu sana'a kyauta, malami ya zo har wurin aikinka, Asabar uku. Baba ya ce, "Yanzu 'yar boko ce za ta koya mini wuta?" Amma ciniki ya fi ƙarfin fushi, ya sa hannu.

Malamar da aka turo, Madam Efuwa, ta sauko daga motar haya ta torotoro da jaka a kafaɗa, mace gajera mai furfura a gaban goshi, ta taɓa aiki a masana'antar narka ƙarfe. Mun shirya mata benci da allo muna jiran lacca. Ba ta yi ba. Asabar ta farko wuni ta yi a zaune tana kallonmu, tana tambayoyin da muka ɗauka na rashin sani ne. Wa ke ɗaukar wannan? In ya ɗauka ta ina yake bi? In ya yi tuntuɓe ina zai faɗi? Hausarta ta kasuwa ce, in ta ƙare mata sai ta koma Tuwi, Fuseini abokin aikinmu ya fassara. Da yamma ta taɓa rigar ƙwallon da ke jikin Fuseini ta ce ya cire, irin wannan yadin in wuta ta taɓa shi narkewa yake ya manne da fata. Fuseini ya ce, "Madam, wannan orijina ne fa." Ta ce, "Yoo, fatarka ma orijina ne."

Asabar ta biyu ta zo da kaya: takalmin fata mai rufe idon sawu, tabarau, garkuwar fuska, safar hannu ta fata. Ta nuna mana a saki ƙafar wando a kan takalmi, kada a cusa ciki, don in ƙarfe ya zubo ya gangara waje. Ta ce a ajiye bokitin busasshen yashi kusa da wuta, kada a taɓa kashe wutar ƙarfe da ruwa. Da aka zo kan takalmi gardama ta tashi, kowa na cewa sau nawa mutum zai kwance igiya a yini saboda alwala. Ita ta ce wannan mu muka fi ta sani. Baba ne ya warware, don ya yi karatu: ya ce a yi alwala kafin a kunna wuta a riƙe ta, wanda kuma ya sa huffi ya yi shafa a kai. Ta rubuta a littafinta ta ce za ta gaya wa sauran rumfuna. Daga nan Baba ya ɗan sake da ita.

A Asabar ta uku ta fito da alli kala biyu. Ta ba ni ja ta ce in ja layi a ƙasa duk inda narkakken ƙarfe ke bi, daga murhu zuwa akwati, daga akwati zuwa kasko. Ta ba Fuseini shuɗi ta ce ya bi duk inda ruwa ke bi, daga famfon titi zuwa ganga, daga ganga zuwa buta, har inda yake fantsama. Muka duƙa muna zane muna dariya, manya da mu. Da muka miƙe dariya ta tsaya. Ja da shuɗi sun haɗu wuri ɗaya tak, tsakanin dutsen alwala da mazaunin kasko.

Ta ce, "Baba, mepaco, don Allah, wannan dutse sai ya tashi."

Fuseini ya ce, "Kai, Madam, wannan wurin salla ne fa. Ba a taɓa shi."

Baba ya ɗaure fuska. "Ruwan alwala tsarki ne. Shekara arba'in bai cuci kowa a nan ba."

Ta ce ba ta raina sallar kowa ba, amma ƙarfe bai san ruwan tsarki ba. Ta tambaya ko ba wanda ya taɓa jin ciwo a wannan kusurwa. Baba ya ce mutum ɗaya, kuma laifinsa ne, bai gasa kasko ba ya zo yana rantse-rantse.

Ta ce, "Baba, ni ba na tambaya wane ne. Ni ina tambaya yaya ya faru. Kowa ya je ya tsaya inda yake ranar."

Muka watsu. Ta bi mu ɗaya ɗaya. Da ta zo kaina na ce ina cikin sahu, bayan Baba. Ta gyaɗa kai ta wuce, ba ta ƙara tambayata komai ba. Na tsira ke nan karo na biyu. Sai Fuseini, don ya sassauta wurin, ya ce, "Madam, bar wahala. Awudu dai ya gasa kasko." Aka yi 'yar dariya.

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ce, "Ya gasa."

Kowa ya juyo. Na cire hulata na riƙe, na tako zuwa inda layukan nan biyu suka haɗu, na faɗi komai: yadda na tura kasko da silifa, yadda ya yi cuu, yadda na karkata shi na mayar, yadda na ji kabbara na gudu. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ban rage ko ɗaya ba.

Baba ya juyo ya dube ni. Sannan ya ce, "Me ya hana ka faɗa, Issaka?"

Na ce, "Ba ku tambaye ni ba, Baba."

"Da ban tambaye ka ba har na shiga kabari fa? In je in tarar da rantsuwar bawan Allah tana jirana?"

Madam Efuwa ta bari wurin ya lafa, sannan ta yi magana a hankali, Fuseini na fassarawa. Ta ce a masana'antar da ta yi aiki akwai doka guda da ta fi takalmi da tabarau: duk wanda ya ga abin da bai gamsu da shi ba, ko jiya ya zo, yana da ikon ya ce a tsaya, kuma a tsaya ɗin, tambaya sai daga baya. Ta ce da akwai wannan a nan, da kalma biyu sun isa ranar. Baba ya dube ta, ya dube mu. Ya ce, "Har da ni za a ce wa a tsaya?" Ta ce, "Har da ku, Baba." Ya ce, "To rubuta."

A ranar muka ciccibi dutsen muka kai shi bayan katanga, inda kuke alwala yanzu. Ni kuma Baba ya karɓi awartaki ya mayar mini da rariya, wata uku, da gemuna da 'ya'yana biyu. Ban yi gardama ba.

Washegari Lahadi da hantsi ya ce in biyo shi. Muka je Agbogbloshie, tsoho na dogara sanda tsakanin buhunan albasa. Muka tarar da Awudu a zaune da basilla yana ɗinki, ya sa baƙin tabarau. Yana ganin Baba ya yunƙura zai durƙusa, Baba ya riƙe kafaɗarsa. Ya ɗaga murya yadda duk 'yan albasa za su ji, ya ce, "Jama'a ku shaida. Wannan mutum ya ce ya gasa kasko na ce ƙarya yake. Gaskiya ya faɗa. Ni Seidu ni na zalunce shi." Sannan ya sa ni na maimaita nawa a gaban mutane.

Awudu ya saurara har na gama, basilla na hannunsa. Ya ce wa Baba, "Masa, ya wuce." Ni kuwa ya daɗe yana dubana da idon nan ɗaya. Ya ce, "Issaka. Shekara ɗaya da rabi, cale, abokina. Ni har na fara tunani ko ban gasa ba." Wannan maganar ta fi mini zafi fiye da duk abin da Baba ya faɗa. Awudu ya ce ya yafe, amma kada in zo gidansa tukuna. Daga nan Baba bai koma gida ba, sai da ya bi rumfunan zubi ɗaya bayan ɗaya, Nima da Maamobi, yana faɗin abin da ya faɗa. Tun daga ranar ban ƙara jin zolayar nan a bakin kowa ba.

Bayan sati biyu Awudu ya dawo rumfa da safe. Aka ba shi takalmi da garkuwar fuska, ya jujjuya su yana murmushi. Akwai lamba hamsin da aka shirya, ya ce yana so shi zai zuba. Baba ya ce bisimilla. Ƙarfe ya narke, ya kwashe datti, ya kama tukunyar narkarwa da dogon awartakinsa, ya ɗaga kamar bai taɓa barin wurin ba. Ya tako zuwa akwati. Ya tsaya a kan baki, ya karkata kaɗan, ya mayar. Ya matsa hagu, ya sake karkatawa, ya mayar. Hannun ba ya rawa ko kaɗan. Ni ina gefe da rariya, na daina tankaɗe.

Sai ya ce, "A tsaya."

Ya juya a hankali ya mayar da tukunyar kan murhu. Fuseini ya zaburo yana cewa, "Kawo, kawo in zuba, ƙarfe zai huce!" Baba ya miƙa sandarsa ya tare masa ƙirji. Ya ce, "Ba ka ji ba? Awudu ya ce a tsaya." Bai tambaye shi dalili ba. Mai murza keke ya saki hannu.

Awudu ya ɗaga garkuwar fuska, ya share zufa. Ya ce, "Masa, ina ganin bakin, amma ban san nisansa ba. Ido ɗaya ba ya auna. In na zuba zan zuba a ƙafar wani." Ya zare safar hannun, ya dube mu duka, ya tako har inda nake tsugune cikin ƙasa ya ajiye su a kan rariyata. Ya ce wa Baba, "Hukuncinsa ya jira, Masa. Shi ne ya iya." Na tashi na zuba tukunyar, hawaye na zuba cikin garkuwa, shi yana tsaye a gefena yana duban ƙasa da hanya.

Daga ranar bai ƙara zuba tukunya ba, ko lamba biyu. Madam Efuwa ta sa sunansa a dogon horo, ya samu takardarsa, duk abin da ya shafi tsaron rumfar nan ya koma hannunsa. Shekara goma sha ɗaya ke nan, in Awudu ya ce kasko ya bushe ba wanda ke shakka a duk layin nan. Shi kaɗai ne ke komawa ya sake dubawa.